Yadda ake gwada ƙarfin maganin kashe ƙwayoyin cuta a faranti, da inda ake tsayawa idan ana zargin annobar ƙuma

Ɗalibai da sababbin ma'aikatan ɗakin gwaji sun daɗe suna maimaita mini tambayoyi biyu. Ta farko: yaya ake yin gwajin faifan magani, wato ɗora ƙananan faifan takarda masu ɗauke da magani a kan ƙwayar da aka shuka a faranti a auna da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayensu, daga farko har ƙarshe, yadda likita zai iya dogara da sakamakon? Ta biyu ta fi tayar mini da hankali: wai haka za a yi wa ƙwayar Yersinia pestis, mai haddasa annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa? Amsar ta biyu a'a ce. Wannan ƙwaya ba a gwada ta a teburin ɗakin gwajin asibiti na yau da kullum. Aikinka shi ne ka yi zarginta da wuri, ka janye hannunka, ka miƙa ta ga masu kayan aikinta. Don haka na jera matakan gwajin ga ƙwayoyin da muke gani kullum irin su E. coli da Klebsiella da Staphylococcus aureus, na kuma sa wurin tsayawa a daidai inda yake faɗowa cikin aikin.

1. Haɗa kaya kafin ka kunna wuta

Kana buƙatar garin aga na Mueller-Hinton (aga shi ne daskararren abincin da ake shuka ƙwaya a kansa), farantai, ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin 100 da aka dafa, tsinken auduga, wayar ɗiba, hantsaki, faifan magani, kwalbar ma'aunin McFarland 0.5 (da ita ake gwada kaurin damun ƙwaya), rula ko kalifa, inkubeta mai ma'aunin zafi a ciki, da teburin fassara na CLSI ko na EUCAST, wato hukumomin da ke tsara ƙa'idojin wannan gwaji, ta farko a Amurka, ta biyu a Turai. Zaɓi ɗaya daga cikin tebura biyun ka tsaya a kansa, domin ƙarfin maganin da ke cikin wasu faifan ya bambanta tsakaninsu. Na EUCAST kyauta ne a intanet, littafin CLSI mai suna M100 saye ake yi ko da yake ana iya karanta shi kyauta a shafinsu, kuma dukansu ana sabunta su kowace shekara.

Ta fuskar kashe kuɗi, gwajin faifai shi ne mafi araha. Tsirin takarda mai nuna adadin magani ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, na'ura mai sarrafa kanta kuma ta fi duka. Inda kuɗin ke zurarewa a ɓoye shi ne faifan da suka lalace da farantan da aka sake yi.

Gargaɗi: faifan da kake aiki da su a ajiye su a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, cikin rufaffen mazubi mai maganin danshi, ragowar kuma a firiza. Idan ka fito da su, bar su a rufe har su huce daidai da zafin ɗaki kafin ka buɗe. In ka buɗe da sanyinsu raɓa za ta sauka a kansu, kuma dangin fenisilin da imipenem ba sa jure laima ko kaɗan.

2. Zuba faranti

Auna garin yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ka dafa a otokilef (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta) a digiri 121 na minti 15, ka bari ya sauko zuwa digiri 45 zuwa 50, sannan ka zuba a kan tebur mai daidaito. Kaurin da ake so milimita 4 ne, wato kusan mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90. Ma'aunin tsami, wato pH, ya kasance tsakanin 7.2 da 7.4.

A nan mutane da yawa suke yin tsimi, su zuba kaɗan don gwangwani ya daɗe. Siririn aga yana sa magani ya bazu da nisa, da'ira ta yi girma, ƙwayar da ta bijire ta fito a takarda kamar magani yana cin ta. Mai kauri kuma akasin haka yake yi. Ka riƙa auna abin da kake zubawa, ido ba ma'auni ba ne. Kafin amfani ka duba fuskar farantin: ta kasance da ɗan danshi amma babu ɗigon ruwa a kanta ko a murfi.

3. Dubi ƙwayar da takardar majinyaci kafin ka taɓa komai

Ba a gwada magani a kan ƙwayar da ba a san ko wace ce ba, kuma ba a gwadawa daga farantin da ke ɗauke da ƙwaya iri biyu. Ka yi rinin Gram, wanda ke raba ƙwayoyi gida biyu ta launin da suka ɗauka, ka yi gwaje-gwajen tantancewa, ka tabbata tsiron iri ɗaya ne, mai awa 18 zuwa 24.

Wannan shi ne wurin tsayawa. Karanta abin da likita ya rubuta. Majinyaci mai zazzaɓi da ya zo farat ɗaya da kumburarriyar kaluluwa mai tsananin zafi a matse-matsi ko hammata ko wuya. Ko mai ciwon huhu mai saurin tsananta da kakin jini. Ko wanda ya fito daga inda cutar take, kamar Madagaska, ko lardin Ituri na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ko Peru, ko yammacin Amurka. Ko wanda ya taɓa mataccen ɓera ko dabbar daji ko kyanwa mara lafiya. Idan irin wannan labari ya haɗu da abin da ke gabanka, wato ƙananan sanduna masu ɗaukar jan launi a rinin Gram, waɗanda a rinin Giemsa ko Wayson bakinsu biyu ke yin duhu tsakiya ta zauna fayau, ga tsiron yana jan ƙafa, bayan kwana guda ɗigo ne da ƙyar ido ke gani, ba ya narka laktos, gwaje-gwajen oksidas da yuriyas da indol duk ba su nuna komai ba amma katalas ya nuna, to ajiye wayar ɗiba. Ka wuce kai tsaye zuwa mataki na 10.

Gargaɗi: kada ka jefa ta cikin na'urar tantancewa don ta raba maka gardama. An sha samun na'urorin suna ba ta sunan wata ƙwaya daban, kamar Acinetobacter ko Shigella ko 'yar'uwarta Yersinia pseudotuberculosis, mai aiki ya saki jiki ya ci gaba da damawa a buɗaɗɗen tebur. Haka nan kada jin an ambaci ɓera ya sa ka rikita ta da zazzaɓin Lassa; wancan bairos ne, ba ya tsirowa a aga.

4. Dama ƙwayar

Idan ƙwayar ta yau da kullum ce, taɓa saman tsiro 3 zuwa 5 masu kama ɗaya, ka dama a ruwan gishiri har gudajin ya watse. Ka ɗaga kwalbarka kusa da ta McFarland 0.5 a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, cikin haske mai kyau. Layukan su dushe daidai wa daida ta cikin kwalaben biyu. In taka ta fi gurɓata ƙara ruwa, in ta fi haske ƙara ƙwaya. Wannan gurɓata tana daidai da ƙwaya kusan miliyan 150 a kowane mililita.

Idan kai kake haɗa ma'aunin da kanka, ana zuba mililita 0.5 na ruwan bariyom kuloraid mai kashi 1.175 cikin mililita 99.5 na asid ɗin salfa mai kashi 1. A rufe shi ruf, a ɓoye shi daga haske, kuma a girgiza shi sosai duk lokacin da za a gwada, don farin yana kwanciya a gindi. Kwalbar ma'aunin da ta ƙwayar su zama masu faɗi ɗaya.

A ganina babu matakin da ya kai wannan ɓata sakamako. Damu mai kauri yana matse da'ira, a ce magani ba ya aiki alhali yana yi, a tura majinyaci ga allura mai tsada da wahala ba gaira ba dalili. Mai ruwa-ruwa kuma yana buɗe da'ira, a ba mutum maganin da ba zai tsinana masa komai ba.

5. Shafa a faranti

Daga gama damu kana da minti 15. Tsoma tsinken auduga, ka matse shi a jikin kwalbar daga ciki sama da ruwan, sannan ka shafe fuskar farantin gaba ɗaya da layuka matsattsu. Juya farantin kusan digiri 60 ka sake, ka ƙara juyawa ka sake na uku, ka zagaye gefen. Rufe ka bar shi minti 3 zuwa 5 ya tsotse. Kada ka danna auduga har ta yage agan, kuma kada ka tsallake matsewar, musamman ga ƙwayoyin hanji masu saurin tsiro.

6. Ɗora faifai

Nan ma minti 15 ne iyaka daga shafawa. Da hantsakin da ka ƙona ya huce, ɗora kowane faifai ka ɗan danna shi ya kama. Tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar wancan kada ya gaza milimita 24, kuma kada su matsa bakin faranti. Ƙaramin faranti yana ɗaukar 5 ko 6, babba mai milimita 150 yana ɗaukar 12.

Gargaɗi: faifan da ya taɓa aga ya zauna ke nan. Magani yana fara malala nan take, in ka ja shi gefe za ka sami da'ira mai siffar ƙwai wadda ba ta aunuwa.

Zaɓin magungunan ya bi ƙwayar da kuma inda aka ɗebo ta. Nitrofurantoin na fitsari ne kawai, ba a sa shi ga ƙwayar da aka samu a jini. Ga Staphylococcus aureus faifan cefoxitin ne ke nuna ko ta bijire wa dangin methicillin. Akwai kuma magungunan da faifai ba ya faɗin gaskiya a kansu: colistin, da vancomycin idan ƙwayar Staphylococcus ce. Waɗannan sai an auna mafi ƙarancin adadin maganin da ke hana tsiro.

7. Inkubeta

Cikin minti 15 na uku farantan su shiga inkubeta a kife, digiri 35, iska ta yau da kullum, awa 16 zuwa 18 a tsarin CLSI, ko awa 18 da rangwamen awa 2 gaba ko baya a na EUCAST. Vancomycin a kan Enterococcus sai ya cika awa 24. Kada ka tula farantai da yawa a kan juna, na tsakiya ba sa ɗaukar zafi da wuri. Idan wuta ta ɗauke cikin dare har inkubeta ta huce, sake gwajin ya fi maka alheri a kan ka karanta abin da ba ka san tarihinsa ba.

8. Auna da'ira

Fara duban shimfiɗar tsiron. Ta zama ta rufe ko'ina sumul. In kana ganin ɗigo ɗaiɗai da fili a tsakaninsu, damun ya yi ruwa, a sake. Riƙe farantin a kife a saman baƙin abu, haske na sauka daga sama, ka auna faɗin da'irar daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar faifan, zuwa milimita mafi kusa. Faifan da kansa milimita 6 ne, don haka inda babu da'ira sam 6 ake rubutawa. Idan agan mai jini ne, cire murfi ka auna ta sama.

Wurare uku suna ruɗa sabon hannu. Proteus tana yin wani siririn lulluɓi da ke rarrafowa cikin da'ira, a yi watsi da shi a auna ainihin gefen. A faifan cotrimoxazole akan ga hazo-hazo a ciki, shi ma ba a lissafa shi. Amma manyan ɗigo tsayayyu a cikin da'ira magana ce daban: ko dai farantin gauraye ne, ko wani ɓangare na ƙwayar ya bijire. Ɗebo su ka sake shukawa ka tantance.

Kowane sabon zubin aga da kowane sabon kwalin faifai a gwada su da ƙwayoyin ma'auni, waɗanda aka riga aka san girman da'irar da ya kamata su bayar: E. coli ATCC 25922, Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853, da Staphylococcus aureus ATCC 25923 ga mai bin CLSI. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda muka yi kwanaki muna ganin ampicillin da danginsa sun daina cin komai, har muka fara zancen wata sabuwar bijirewa ta shigo. Da muka shuka ƙwayar ma'auni, ita ma da'irarta ta fito ƙarama. Ashe murfin mazubin faifan ne ya tsage, ƙwayoyin maganin danshin sun riga sun sauya launi babu wanda ya lura. Sai da muka bi sakamakon kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya muna kiran likitoci, kuma har yau ina tuna nauyin da na ji a ƙirjina ina karanto lambobin gadajen.

9. Fassara da rubuta rahoto

Ka nemi layin ƙwayarka da layin maganin a teburin shekarar da ake ciki. Girman da'ira kaɗai ba ya nufin komai. Milimita 18 na iya zama nasara ga wani magani, faɗuwa ga wani. Harafin S na nufin magani yana ci, R ƙwaya ta bijire. Harafin I kuwa ma'anarsa ta rabu: a CLSI tsaka-tsaki ne, a EUCAST tun 2019 yana nufin maganin zai yi aiki idan an ƙara yawansa ko ya taru sosai a wurin ciwon. Ka rubuta a rahoto wane tsari ka bi.

Sannan ka auna sakamakon da hankali. Klebsiella ba ta jin ampicillin tun asali, Proteus ba ta jin nitrofurantoin. In faranti ya ce suna ji, akwai kuskure a tantancewa ko a gwajin. Salmonella kan nuna kamar gentamicin yana cin ta a faranti, amma a jikin mutum ba ya warkarwa, don haka ba a rubuta masa S.

10. Idan ka tsaya a mataki na 3

Abu na farko, kira likitan da bakinka, yanzu, kada ka jira takarda. Annobar huhu, wato nau'in annobar ƙuma da ke kama huhu, tana kisa cikin 'yan kwanaki, kuma maganin da aka fara cikin awa 24 na farkon alamu shi ke raba mai tashi da mai tafiya. Ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara magani. Waɗanda aka sani suna aiki su ne streptomycin, gentamicin, ciprofloxacin, levofloxacin, moxifloxacin da doxycycline, sai chloramphenicol idan cutar ta taɓa rufin ƙwaƙwalwa.

Na biyu, rufe duk farantai da kwalaben majinyacin, ka naɗe bakinsu da tef, ka rubuta gargaɗi a jiki, ka ajiye su a wurin da ke da makulli. Kada a shinshina faranti, kada a dama, kada a juya a na'urar wulwulawa, kada a sake shukawa. Duk abin da zai tayar da feshi shi ne hanyar da ƙwayar ke shiga huhun ma'aikaci. Idan dole a taɓa wani abu, a cikin akwatin kariya mai tace iska za a yi, da safar hannu, riga, takunkumi mai matse fuska da kariyar ido. Tebur a goge shi da sabon haɗin bilic.

Na uku, sanar da shugaban ɗakin gwaji da hukumar lafiyar jama'a ta ƙasarka. Annobar huhu tana cikin cututtukan da Dokokin Lafiya na Duniya na 2005 suka ce a auna su nan da nan don sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Su za su gaya maka ɗakin gwajin da za a aika wa. Rubuta sunayen duk wanda ya taɓa samfurin tun shigowarsa, har mai shara, da abin da kowa ya yi. Wanda ya yi mu'amala ta kusa ana ba shi doxycycline ko ciprofloxacin na kwana 7, ana kuma auna zafin jikinsa.

Na huɗu, ɗauri. Rufi uku ake yi: mazubin samfurin da ba ya yoyo, naɗe da abin tsotse ruwa, mazubi na biyu mai ƙarfi, sai kwalin waje mai alama. Tsiron da ake zargi yana tafiya a rukunin A mai lamba UN2814, kuma wanda ya sami horon jigilar irin waɗannan kaya ne kaɗai zai ɗaure shi. Samfurin da ake so daga majinyaci shi ne ruwan da aka zuƙo daga kaluluwa, jini, da kaki, an fi so a ɗebe su kafin a fara magani in hakan ba zai jinkirta maganin ba. Idan tafiyar mai nisa ce, audugar da aka dangwalo ana sa ta a Cary-Blair, wani haɗi da ke riƙe ƙwaya da rai a hanya. A wuraren da cutar ta zauna akwai tsinken gwaji na gaggawa mai gano sinadarin F1 na jikin ƙwayar cikin minti 15, wanda Cibiyar Pasteur ta Madagaska ta yi fice a kansa, amma shi ma sai an tabbatar da sakamakonsa.

Gwajin maganin kansa ana yin sa ne a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 3, ta hanyar auna mafi ƙarancin adadin da ke hana tsiro, bisa ƙa'idar CLSI mai suna M45. Babu amintaccen teburin da'irar faifai da za ka fassara wannan ƙwaya da shi, don haka ko da ka jefa kanka cikin haɗari ka yi, lambar da za ka samu ba ta da inda za ka kai ta. Ga kuma tarko: fenisilin da dangin cephalosporin sukan nuna suna cin ƙwayar a gwaji, amma ba a dogara da su wajen jinyar mai annoba. Rahoton da ya fito da S a gaban ceftriaxone yana iya sa likita ya bar maganin da ke ceto.

Me ya sa ake damuwa da aika kowace ƙwaya, alhali kusan dukansu suna jin magungunan da aka saba? A 1995 an samu wadda ta bijire wa magunguna da dama a jikin wani majinyaci a Madagaska, har da streptomycin. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma a ɓarkewar 2017 a wannan tsibiri mutane fiye da 2,400 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, mafi yawansu da nau'in huhu. A irin wannan hali hukuma tana buƙatar sanin ko maganin da take rabawa dubban mutane yana nan da ƙarfinsa, kuma daga samfuran da ƙananan ɗakunan gwaji suka ɗaure suka aika ake samun amsar.

Bayan an tabbatar da sakamako, duk abin da ya rage a hannunka na majinyacin, farantai da kwalaben jini da tsinken auduga, ya shiga otokilef bisa umarnin hukumar, a rubuta rana da sunan wanda ya yi da wanda ya shaida. Kada a ajiye ko faranti ɗaya don koyar da ɗalibai.